MAMA SAKATARE DA SUNAN DA AKA GOGE

Shafi na 23

Na ga saƙonninku, har da na masu cewa za su yi fushi da ni in ban fito da Mama Sakatare yau ba. To ku gyara zama. Wanda yau ya fara shigowa ma kar ya damu, zai gane komai.

*

Ƙarfe sha ɗaya na safiyar Asabar ta yi wa Mama Sakatare a gaban kwamfuta, tabarau a kan karan hanci, rula a hannun dama.

Ofishin ƙungiyar matasan ɗan tsukuku ne. Tebur ɗaya, kujeru uku da babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta, da kabad ɗin fayil da ba ya rufuwa sai an tokare shi da gwiwa. Ta taga ana jin usur ɗin Koci, ɗanta na fari, yana kora yara zagayen ƙarshe a filin gudu.

Iyaye sun cika bencina a bakin fili, kowa da waya a hannu. An riga an sanar da su cewa ƙarfe sha biyu daidai saƙo zai shigo wa kowa ta imel, ɗauke da sunayen yara goma sha biyu da za su tafi sansanin horo na wata guda.

Mutum ɗari shida da talatin da huɗu.

Yau ne karo na farko da ƙungiyar za ta tura saƙo ɗaya ga mambobinta kaf ta sabuwar manhajar da aka kawo. Kuma ita ce za ta danna.

Ita ɗin dai da Injiniya, mataimakin shugaba, ya kalla a gaban kwamiti wata uku da suka wuce ya ce, "Mama ta yi ƙoƙari a zamaninta, amma wannan fa ba tafireta ba ce."

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga wasiƙu a ofis kafin ta yi ritaya, ta ga irinsa da yawa. Littafin rubutu ta saya, ta riƙa zuwa shagon wata mai buga takardu a layinsu tana tambaya, tana rubuta komai bi da bi. Adireshi tamanin da bakwai ta gyara da hannunta, tana kiran iyaye ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, a naka ɗin akwai ɗigo bayan sunan, ko babu?"

"Wallahi Mama ban sani ba, yaran ne suka buɗe min."

"To ba ni yaran."

Yanzu komai ya kammala. Ta zaɓi rukunin iyaye, ta zaɓi na 'yan wasa, ta zaɓi na masu horarwa. Ta saka gurbin suna a saman wasiƙar yadda kowa zai ga sunansa ne aka rubuto. Ta tabbatar babu wanda zai ga adireshin wani. Sannan ta tura gwaji zuwa wayarta.

Wayar ta yi ƙara. Ta buɗe, ta karanta tun daga gaisuwa har zuwa sa hannu, ta gyaɗa kai.

"Wai ba tafireta ba ce," ta faɗa ita kaɗai, tana 'yar dariya.

Saura abu ɗaya. Ta jawo fayil ta zaro takardar da Shugaba da Koci suka sa wa hannu ranar gwajin gudu. Ta ɗora rula a ƙarƙashin suna na farko, ta duba allo. Haka take yi tun tana budurwa, ba ta taɓa sakin wasiƙa ba sai ta bi ta layi-layi.

Na ɗaya daidai. Na biyu daidai. Har na goma sha ɗaya.

Rular ta sauka kan na goma sha biyu, hannunta ya tsaya.

A takarda sunan Barewa ne, 'yar mai facin tayan nan na bakin titi, yarinyar da ke zuwa horo a ƙafa ta koma a ƙafa.

A allo kuwa sunan Gimbiya ne, 'yar Injiniya, wadda ta zo ta goma sha huɗu a gwajin.

Mama ta cire tabarau ta goge da bakin mayafinta ta mayar. Sunan bai canza ba.

"Salamu alaikum, Mamanmu!"

Injiniya ne ya turo ƙofa, yana juya makullin mota a yatsa, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa.

"Wa alaikumus salam. Shigo, ɗan halak, yanzu nake shirin nemanka."

"Na ce bari in leƙo ko abin ya cije. In ya gagara ki matsa in danna miki, ba wani abu ba ne."

"Bai gagara ba. Zauna."

Ya kalli agogonsa. "Mama, saura minti arba'in fa."

"Na iya agogo. Zauna."

Ya ja kujera ya zauna. Ta tura masa takardar, ta juyo masa da allon.

"Karanta min na goma sha biyu a nan. Sannan ka karanta min a nan."

Ya kalla sama-sama, ya ture takardar da yatsa ɗaya.

"Au, wannan? Ai an yi 'yan gyare-gyare."

"Wa ya yi?"

"Mama, aikinki ki tura. Abin da ke cikin manhaja shi ne daidai, takarda ai tsohon yayi ce."

"Tsohon yayin ne ke da sa hannun Shugaba. Sabon yayin sa hannun wa ke jikinsa?"

Injiniya ya yi murmushi, ya ajiye makullin a kan tebur.

"Ki duba yarinyar nan da idon basira. Sansanin nan akwai kayan da ake buƙata, akwai takalmi, akwai kaza akwai kaza. Za ta je ne a yi mata dariya. Taimakonta aka yi."

"Takalminta yana cikin kabad ɗin nan, iyayen yara ne suka haɗa mata tun makon jiya. Sai kuma me?"

"Gimbiya ma ai ta yi ƙoƙari."

"Ta yi. Ta goma sha huɗu ta zo. Ni na riƙe littafin lokaci ranar, rana ta dake ni har sai da kaina ya yi ciwo."

Da ya sake magana, muryarsa ta sauka ƙasa.

"Mama, mu fa mun kusa zama gida ɗaya. Sati uku ya rage Koci ya auri Autarmu. Ƙanwata ce, ni na raine ta. Kina ganin ya dace ki tona min asiri a kan suna ɗaya?"

"Ashe asirinka ne."

"Ban ce ba."

"Yanzu ka faɗa."

Ya miƙe, ya zagayo bayan teburin.

"To tunda kin ƙware, buɗe wurin da manhajar ke ajiye tarihin canje-canje. Ko ba a koya miki wannan a shagon ba?"

"Shafi na tara a littafina," in ji ta.

Ta danna ba tare da ta duba littafin ba. Layuka suka jero, kowanne da rana da lokaci da sunan wanda ya taɓa wani abu. Ta gangara har inda aka cire suna aka saka wani.

Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma sha huɗu na safe.

Wanda ya yi canjin: Koci.

Ta matso da fuskarta kusa da allon har numfashinta ya dusashe gilashin tabarau.

"Kin gani?" Injiniya ya ce a hankali. "Ni ban taɓa komai ba. Ɗanki ne. Wataƙila ya ga ya kamata ya kyauta wa surukansa, ni ban sani ba."

Ta waiwaya taga. Ga Koci can tsakiyar fili, usur a wuya, ya durƙusa yana ɗaure wa wani yaro igiyar takalmi. Ɗanta ke nan da ta raina ita kaɗai bayan rasuwar mahaifinsa, da albashin tafireta. Wanda tun yana firamare in ya tsinci fensir sai ya zagaya aji yana neman mai shi.

"Ga yadda za a yi," Injiniya ya ci gaba. "Ki tura yadda yake, magana ta mutu a ɗakin nan. Babu wanda zai je ya buɗe wannan shafin. In kuwa kika mayar da sunan, wallahi ranar Litinin zan buga shafin nan a takarda in ajiye wa kwamiti. Kin san dokar ƙungiya, ke kika buga ta. Mai horarwar da ya taɓa sakamako, korarsa ake yi. Kuma babu ƙungiyar da za ta sake ɗaukarsa."

"Na san dokar. Sashe na bakwai."

"To kin gani."

"Har kuskuren da lauya ya yi a sashen ni na gyara."

"Mama, ba wasa nake ba."

"Ka ga alamar wasa a fuskata?"

Agogon bango ya nuna sha biyu saura kwata. A waje usur ya yi ƙara mai tsawo, yara suka watse suna neman ruwa. Ta hango Barewa ta nufi ƙarshen benci inda mahaifinta ke zaune. Ya rufe rumfarsa ya zo, hannunsa duk baƙin taya, ya riƙe 'yar wayarsa mai fasasshen gilashi da hannu biyu. Mama da kanta ta buɗe masa imel ɗin nan wata biyu da suka wuce, ta rubuta masa kalmar sirrin a bayan katin ƙungiya.

Ta gyara zama. Ta ɗora yatsunta a kan madannai yadda aka koya mata shekaru aru-aru, bayanta a miƙe.

"Me za ki yi?"

"Aikina."

Ta goge sunan Gimbiya. Ta buga na Barewa harafi-harafi, ta duba takarda, ta duba allo. Wani sabon layi ya fito a tarihin canje-canjen, da lokaci, da sunanta.

"Kin ga ke ma ta rubuta ki," Injiniya ya ce.

"Ta rubuta mana. Da manyan baƙi ma in tana so. Ni in na yi abu ba na ɓoye hannuna."

Ya zaro wayarsa da sauri.

"Ni na kafa manhajar nan. Minti ɗaya ya ishe ni in rufe miki ƙofar shiga."

"Rufe."

Ya ɗago ya kalle ta.

"Na ce ka rufe, ɗana. Sai in ɗauki takardar nan in fita tsakiyar fili in karanta wa iyayen yara da bakina. Muryata ba ta buƙatar sabis. In sun tambaye ni dalilin da ya sa saƙo bai zo ba, in nuna musu kai."

Yatsansa ya tsaya a kan wayar.

"Ɗanki fa, Mama. Ɗan cikinki."

"Ni na haife shi, ba sai ka tuna min ba." Muryarta ta karye kaɗan, ta yi gyaran murya ta daidaita ta. "In shi ya yi, ni zan riga ka kai takardar gaban kwamiti, in zauna a kujerar gaba in ji hukuncinsa. In mun koma gida in yi kukana, wannan tsakanina da Allah ne. Amma shekara talatin da ɗaya ina buga wasiƙa, ta sallama na buga, ta ƙarin girma na buga, ta ta'aziyya na buga. Ban taɓa buga wadda na san ƙarya ce ba. Ba zan fara da mutum ɗari shida a tashi ɗaya ba."

Injiniya ya mayar da wayar aljihu a hankali. Ya koma ya jingina da kabad, ƙofar ta wangale ta bugi ƙafarsa, ya yi tsaki.

"Da gwiwa ake tura shi," in ji Mama, ba ta ko waiwaya ba.

Ta sake tura gwaji zuwa wayarta. Ta sake ɗaukar rula ta bi sunayen goma sha biyu daga farko, a nutse, kamar babu kowa a ɗakin. Duk sun dace.

Sha biyu saura minti ɗaya, manhajar ta fito da tambaya a tsakiyar allo, ko ta tabbata tana son tura saƙon nan ga mutum ɗari shida da talatin da huɗu.

"Bismillahi," ta ce.

Ta danna.

Lambobi suka fara hawa. Ashirin. Tamanin. Ɗari da hamsin.

Wayar farko ta yi ƙara a bencin da ke kusa da taga. Ta biyu ta amsa daga can gefe. Kafin ka ce me, filin gaba ɗaya ya ɗauki ƙara, wannan na kiɗa, wancan na tsuwwa, kawuna duk suka sunkuya lokaci guda kamar an ba da umarni.

Wata mata ta rangaɗa ihun murna ta rungume ɗanta. Wani dattijo ya miƙa wa na kusa da shi wayarsa yana cewa a karanta masa, ya baro tabarau a gida.

Mama ba su take kallo ba. Ƙarshen benci take kallo.

Baban Barewa ya goge yatsansa a jikin wando kafin ya taɓa wayar. Ya karanta a hankali, leɓɓansa na motsi. Yarinyar ta leƙo ta kafaɗarsa. Sai kawai ta dafe baki, ta zauna daɓas a ƙasa.

Shi kuwa ya miƙe ya nufo tagar ofis, yana tafe yana kallon wayar har ya kusa cin tuntuɓe.

"Mama! Mama Sakatare!"

"Na'am, Baban Barewa."

"Sunanta ne fa na ƙarshe! Kuma ki duba nan sama, sunana ne. Ni aka rubuto wa? Ni kaɗai?"

"Kai aka rubuto wa."

"Ikon Allah. Tunda nake ba a taɓa rubuto min wasiƙa daga ofis ba sai ta tashi daga bakin titi." Ya yi dariya, idonsa ya cicciko. "Allah ya saka miki da alheri, Mama. Allah ya jiƙan magabata."

"Amin. Ba ni na yi gudun ba, je ka ɗaga 'yarka daga ƙasa kar ta ɓata kayan horo."

Ta dawo da kallonta kan allo. Ɗari shida da talatin da ɗaya sun isa, uku sun dawo. Ta buɗe littafinta ta rubuta sunayen ukun, a gefe ta sa: a kira su Litinin.

Sannan ta kalli Injiniya ta saman tabarau.

"Uku cikin ɗari shida da talatin da huɗu. A wurinku na zamani, an ci jarrabawa ko an faɗi?"

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Koci ya faɗo ciki, gumi na zuba, fuskarsa kamar an ba shi kyautar mota.

"Mama! Kin ga filin kuwa? Wallahi kowa sai tambaya yake wa ya tsara wasiƙar nan. Na ce musu tsohuwata ce, ku ja layi ku gaishe ta!" Sai ya lura da Injiniya. "A'a, Yaya, ashe kana nan. Ina wuni?"

Babu wanda ya yi dariya. Murmushinsa ya fara gushewa.

"Lafiya?"

"Rufe ƙofar," in ji Mama. "Zo nan."

Ya zo ya tsaya a gefenta. Ta buɗe tarihin canje-canjen, ta ɗora rula a jikin allon, daidai ƙarƙashin layin.

"Karanta. Da ƙarfi."

Ya karanta. Ya kai kan sunansa ya tsaya. Ya sake komawa farko.

"Ni? Na cire Barewa? Mama, yarinyar da na shekara biyu ina horarwa?"

"Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma ka kalli idona. Kai ne?"

"Wallahi tallahi ba ni ba ne."

"Manhaja ba ta ƙarya," Injiniya ya sa baki, idonsa a kan taga.

Koci ya sunkuya ya ƙura wa layin ido. Ya nuna da yatsa.

"Laraba, sha ɗaya da kwata na safe. Mama, ina nake ranar Laraba da safe?"

Ta buɗe baki, sai ta tsaya.

Asibitin ido. Shi ya kai ta. Tun ƙarfe tara suna kan layi har azahar, yana riƙe da jakarta, yana yi mata tsiyar wai ta ƙi yarda ta tsufa. Ko wayarsa bai taɓa ba don cajinta ya ƙare tun a hanya.

Wani sanyi ya sauka a ƙirjinta, ta lumshe ido ta ce alhamdulillahi a ranta har sau uku. Ta kamo hannunsa mai gumi ta matse, abin da ta jima ba ta yi ba a gaban mutane.

"To in ba kai ba ne, wa ya san kalmar sirrinka?"

"Babu kowa. A kwamfutata kawai take, ita ke shiga da kanta in an buɗe."

"Ina kwamfutar take ranar?"

"A gida na bar..." Fuskarsa ta canza. "A'a. Ba a gida ba. An are ta tun ranar Talata, wai za a cike takardar neman aiki."

"Wa ya ara?"

Ya juya a hankali ya kalli Injiniya. Injiniya ya ɗauki makullinsa daga kan tebur, makullin ya suɓuce ya faɗi ƙasa.

"Koci, da kai nake. Wa ya ara?"

Aka ƙwanƙwasa ƙofa sau biyu, a hankali, irin na mai ladabi.

"Salamu alaikum. Mama, ni ce."

Auta ta turo ƙofar da kafaɗa, kular abinci a hannu ɗaya, jakar kwamfutar Koci a ɗaya hannun, tana murmushi.

"Na ce yau babbar ranarki ce, bari in kawo miki abinci da kaina. Na ga saƙon ma ya..." Ta kalli yayanta, ta kalli Koci. "Lafiya na ga kun yi shiru?"

Koci ya sa hannu ya juyo mata da allon.